Maki biyu

Ranar Litinin na gama zagayen sa hannu, daga laburare zuwa ofishin kuɗi zuwa sashenmu, na karɓi takardar sakamako. An rubuta 4.43, matsakaicin makina na duk shekarun karatu ke nan. Duk wanda ya zauna a jami'a ya san abin da wannan lamba ke nufi: daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa. Abokai sai murna suke taya ni, suna cewa tu-wan, wato babbar daraja ta biyu, mai ƙarfi ai ba wasa ba ne. Na amsa musu da alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Amma na san inda sauran ya zube, kuma ƙannenmu da ke baya sun cancanci su ji.

Na shigo daga Misau da buri guda, in fita da fas-kilas, wato daraja ta ɗaya. Babu wanda ya ɗora mini, ni na ɗora wa kaina. Har ƙarshen aji biyu ina kan 4.58, ina tafe ina jin kaina, duk wanda ya tambaye ni darasi sai in ce masa ina sauri. A zangon farko na aji uku aka haɗa mu da wani kwas na ƙididdiga mai yunit uku (yunit shi ne nauyin kwas a lissafin sakamako), da wani malami da ba zan kama sunansa ba.

Wata Laraba da dare Yaya ya kira ni ya ce jikin Inna ya tashi, an kwantar da ita. Da asuba na nufi tasha na hau motar da ke bi ta Darazo. Ina zaune a gefen gadonta da yamma wakilin aji ya turo saƙo a WhatsApp cewa malam ya ce gobe Juma'a da ƙarfe takwas akwai tes, kuma shi kaɗai ne na zangon, maki 30 cif. Na duba Inna, na duba wayar, na kife ta.

Da na dawo na sami malamin a ofis da katin asibiti a hannuna. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyata ce aka kwantar, ga shaida." Bai ko kalli katin ba. Yana danna wayarsa ya ce, "Kowa ma yana da uwa." Na koma sau uku. A na ukun ya ce in na sake taka ofishinsa zai rubuta ni. Daga baya na ji cewa an yi wa wasu mutum biyu tes na musamman a cikin ofishin nan, ɗaya ɗan wani babba ne. Ban gani da idona ba, amma na ga makinsu a allo.

To daga nan kuma laifin nawa ne, ko da yake na daɗe ban yarda ba. Zuciya ta ɗebe ni na daina shiga lakcarsa, sai dai in roƙi wani ya sa mini hannu a takardar halarta don kada in gaza kashi 75 ɗin da ake nema kafin a shiga jarabawa. Na ce a raina ai maki 40 kawai nake bukata cikin 70, ni da na saba cin A. Na ajiye kwas ɗin sai saura kwana biyu, na shiga aji da daddare da goro da Nescafe na yi karatun kwana har aka kira sallah. Da aka raba takarda, tambayoyi biyu daga misalan da ya yi a allo suka fito, waɗanda babu su a handawut. Na zauna ina kallon rufin ɗaki, kaina kamar an cika shi da auduga. Da sakamako ya fito jami'in jarabawa ya juyo mini da takardar makin: tes babu komai, jarabawa 38. Maki biyu ya raba ni da tsira.

Abin da yaran ajin farko ba sa ganewa da wuri shi ne yadda F, wato faɗuwa a kwas, ke aiki. Ba ta gogewa. Ko ka maimaita kwas ɗin ka ci A, kamar yadda na yi, yunit ukun nan na farko suna nan cikin lissafi da sifili a gabansu. Na sha zama da kalkuleta cikin dare ina cire su, kuma duk lokacin da na cire sai lambar ta haye 4.50. Da na haɗiye fushina na zauna a ajinsa na samu ko da 45 ne, D ke nan, da ba a kai ga kari-oba, wato maimaita kwas, ba. Shi yana nan yana karɓar albashinsa, ko sunana ban jin ya riƙe.

Ana cikin haka ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta shiga yajin aiki a Fabrairun 2022, ba a dawo ba sai Oktoba. Wata takwas ina gida. Don kada zaman ya kashe ni na fara koyar da yaran unguwa masu shirin WAEC da JAMB a zauren Baba, da allon katako da aka shafa wa baƙin batir. A nan na gane cewa rabin abin da na ci A a kansa ban iya shi ba. Wata yarinya 'yar aji shida ta tambaye ni me ya sa ake yin sukwaya, wato ninka lamba da kanta, a lissafin bambancin lambobi da matsakaicinsu kafin a tara, me ya hana a tara kai tsaye. Na buɗe baki na rasa amsa. Sai da na kwana a kai na gano cewa in an tara kai tsaye na sama da na ƙasa suna cinye juna, a tashi da sifili. Shekara uku ina rubuta fomular a jarabawa ban taɓa tambayar kaina ba.

Da aka koma makaranta sai na canza salo gaba ɗaya. Na daina karatun kwana, na koma awa biyu bayan asuba kullum, lokacin hostal shiru, ba mai kunna waƙa. Duk abin da aka koyar a mako, ranar Asabar sai na tara mutum huɗu ko biyar a ƙarƙashin dalbejiya in yi musu bayani da Hausa. Inda harshena ya sarƙe, nan ne ban gane ba, sai in koma littafi. Kwas ɗin da ya kayar da ni kuwa na zauna a layin gaba, a gaban mutumin nan, ban fasa lakca ko ɗaya ba, na rubuta duk misalin da ya ɗora a allo. Ban gaishe shi da fara'a ba, amma na gaishe shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka duba yunit ɗin kowane kwas kafin ka raba lokacinka. Tsofaffin tambayoyi a rufe littafi ake amsa su, da agogo a gefe. Ka ajiye kwafin takardar rajistar kwasa-kwasanka, wata rana za a ce ba a gani ba. In uzuri ya same ka, rubuta wa shugaban sashe takarda a ranar, kada ka tsaya roƙo a bakin ofishin mutum ɗaya kamar yadda na yi.

Da na kai wa Inna takardar ta juya ta sama da ƙasa ta ce, "To an ci ko ba a ci ba?" Na ce an ci. Ta ce, "Madalla, Allah ya sa albarka," ta miƙo mini kwanon masa. Yarinyar nan mai tambayar sukwaya yanzu tana aji biyu a sashenmu, kuma zango mai zuwa za ta shiga ajin malamin. Na ba ta littafin da na rubuta misalansa, na ce mata ko me zai faɗa, kada ta bar layin gaba.