Rariyar da ta tare wasiƙar Alhaji

Mu uku ne a ɗan ofishinmu da ke Jekadafari, cikin garin Gombe, kuma sana'armu kula da sabar imel (kwamfutar da ke karɓa da aika wasiƙu) ta makarantu masu zaman kansu da 'yan kwangila. Rabin wahalarmu tarkacen saƙonni ne, na damfara da na tallan magani.

Duk na'urar da ta zo miƙa saƙo, sabarmu kan tambayi DNS, kundin sunayen intanet, sunan da ke rataye da lambar IP ɗinta (adireshinta a intanet); wannan sunan shi ake kira PTR. Sabar kirki sunanta na mai gida ne, ka gani ka san kamfanin. Kwamfutar gida kuwa, wadda cutar intanet ta kama tana fesa saƙonni mai ita bai sani ba, sunanta na gama-gari ne: lambobin IP a jere, haɗe da kalmomi irin su dsl ko pool ko dynamic. Irin waɗannan sunaye wata manhajar tace saƙonni da muke gwadawa take farauta.

Da farko gaggawa ta ɗebe ni. Na ɗora ta a kan Postfix, manhajar da ke tafiyar da sabar imel ɗinmu, na ce ta kori duk mai irin wannan suna. Kwana uku akwatuna fes, har ina murna. Rana ta huɗu wani Alhaji ya kira, muryarsa a sama: "Injiniya, ina takardar da aka turo mini daga Kano?" Na buɗe rajistar sabar, sai ga ta an kore ta sau biyu. Masu turowar kamfani ne na gaskiya, mai ba su intanet ne bai taɓa sauya musu sunan ba. Sai da na je har gida na ba shi haƙuri, kuma abin yana damuna har yau.

Irin wannan ya yi yawa a ƙasar nan. Halastattun ofisoshi da dama suna aika wasiƙa da sunan gama-gari, wasu ma babu PTR ɗin sam.

Yanzu duk sabuwar ƙa'ida sai ta yi mako biyu a ƙarƙashin warn_if_reject (saitin gargaɗi na Postfix), tana rubuta wanda za ta kora ba tare da ta kore shi ba. Bayan la'asar ni da yarona Sani mu zauna mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ci jarrabawa ma ba ma ba ta ikon kora. Maki kawai take ƙarawa a SpamAssassin, manhajar da ke auna tarkacen saƙonni, inda sai saƙo ya tara 5 kafin a ture shi gefe, kuma mai akwatin yana iya leƙawa ya ɗauko abinsa.