Azula ce ni, ba Zuko ba

Tun ina sakandare na san Avatar, a faifan sidi da ƙanina ya aro wajen abokinsa, irin wanda ake cusa kashi ashirin a faifai ɗaya hoton duk ya dishe. Avatar: The Last Airbender nake nufi, katun ɗin Nickelodeon da aka yi daga 2005 zuwa 2008, kashi 61 gaba ɗaya. Lokacin mu faɗan kawai muke kallo, mai wuta da mai ruwa wa zai kayar da wani, in aka zo wajen surutu ma ƙanina turawa gaba yake yi. Sai da na yi aure na haihu biyu sannan na sake kallonsa, ina jego na biyu, 'yata ta fari tana kwance a jikina muna kallo a waya, muka zo kashin nan Zuko Alone, na bakwai a zango na biyu (su littafi suke ce wa zangon), wallahi ajiye wayar na yi na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Ga wanda bai kalla ba, Zuko da ƙanwarsa Azula 'ya'yan Yarima Ozai ne na Ƙasar Wuta, uwarsu Ursa. Lu Ten, ɗan baffansu Iroh, ya mutu a yaƙin Ba Sing Se, sai Ozai ya je wajen mahaifinsu Sarki Azulon yana neman a ba shi gadon sarauta tunda wansa ba shi da magaji yanzu, tsohon ya fusata ya ce to shi ma sai ya ɗanɗana rasa ɗan fari. A daren Ursa ta shiga ɗakin Zuko ta tashe shi yana magagin barci ta yi masa sallama, ta ja mayafinta ta fita, gari na wayewa Azulon ya mutu, Ozai ya hau mulki, ita kuma babu ita babu labarinta. Kowa Zuko yake tausaya wa a wajen nan. Ni kam tambaya ɗaya ce ta tsaya min a wuya, ita Azula fa, wa ya tashe ta?

Shekarata bakwai aka saki Mama. Bayan sallar asuba ta fita da ƙanina a goye saboda yana shan nono, ni ina barci. Na tashi na ga ɗaki ba kowa, bayan kwana biyu 'yan'uwanta suka zo kwasar kaya, ƙanin nawa ma ana yaye shi aka dawo da shi gidan Baba. Ba wanda ya zalunce ni a gidan, matar babana ta riƙe mu da amana Allah ya saka mata, amma na girma da abu ɗaya a raina, an ɗauki wani an bar ni kuma ko tashina ba a yi ba.

Daga nan na faɗa karatun fanfik, wato labaran da masoya katun ɗin suke ƙirƙira da kansu da mutanen ciki, suna nan jibge a Archive of Our Own da FanFiction.net da Wattpad, galibi da Turanci. Dare nake rabawa ina shayarwa ina karantawa har data ta ƙare. Abin da na lura a waɗanda na karanta kusan gida biyu ne, ko dai Ursa waliyiya ce da ba ta taɓa kuskure ba ta dawo kowa ya faɗa jikinta, ko kuma muguwar uwa ce mai son kai da ta lalata 'yarta. Ba wanda ya yi min kama da matan da na sani. Na ce to bari in rubuta nawa da Hausa in saka a guruf ɗinmu na WhatsApp na masu karanta nobel, tunda dama ina ɗan taɓa rubutu.

Wahalar farko ita ce mafi yawan matan guruf ɗin ba su taɓa kallon katun ɗin ba, wata ma cewa ta yi ita ba za ta karanta labarin 'yan tsana ba. Sai na yi kuskuren da na fi jin haushinsa, na ce bari in kawo musu shi kusa, na mayar da fadar kamar gidan sarautar Hausa da dogarai da jakadiya da soro, har lalle na sa wa Ursa. Cafta biyu na yi a haka abin ya ƙi zama, waɗanda suka kalla suka ce wannan ba Azula ba ce, waɗanda ba su kalla ba suka ce to in gidan sarautarmu ne ina wuta take fitowa a hannun yara. Na goge na koma na bar su a ƙasarsu da jajayen kayansu da tafkin nan na cikin lambu mai agwagin da ke da ƙoƙon kunkuru a baya. Bakin da suke magana da shi kawai na mayar namu, Iroh ya zama Baffa don wan uba ne ba kawu ba, Ozai Sarkin Wuta, yaran suna ce wa Ursa Umma. Wannan kaɗai ya isa ashe, ranar da na sa Azula ta ce Umma a karon farko sai da hannuna ya yi rawa a kan wayar.

Cafta shida na farko ramuwa ce zalla, yanzu na san haka. Na sa Azula ta samo uwarta ta tsaya a kanta tana zazzaga mata magana shafi bayan shafi, ita kuma tana durƙushe tana ba da haƙuri. Kuma ina da hujja fa daga cikin katun ɗin, don a Zuko Alone an nuna Ursa tana tambayar kanta wai me ke damun yarinyar nan, a kashin The Beach kuma Azula da bakinta ta ce uwarta kallon dodo take mata, ta faɗa kamar ba komai amma duk mai kallo ya san ya ci mata rai, yarinyar da shekararta 14 kacal a lokacin. Kwament ya yi ta zuwa, 'yan mata suna ta cewa ƙara mata, Allah ya ƙara.

Sai wata baiwar Allah da ta girme ni sosai, ban taɓa ganinta ba sai a guruf, ta biyo ni ta gefe da saƙon murya na kusan minti tara. Ta ce ƙanwata rubutunki yana da daɗi amma kin rubuta matar nan kamar wadda aka ajiye wa ƙofa biyu ta zaɓi ɗaya, ni 'ya'ya uku na bari a gidan da na fito kuma ba a tambaye ni ba. Ta ce malamai sun gaya mata a Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon yara, namiji har ya balaga mace har ta yi aure, matuƙar uwar ba ta yi wani auren ba, amma wa zai kai uban 'ya'yansa kotu alhali a gidan ubanta ma ɗakin da za ta kwana aro ne. Ba ta yi min faɗa ba, a ƙarshe ma addu'a ta yi min. Na saurara ya fi sau biyar.

Ita ta sa na nemo The Search, littafin zane mai kashi uku da ya fito a 2013, Gene Luen Yang ya rubuta tare da masu katun ɗin, shi ne ya amsa tambayar da Zuko ya yi wa ubansa a kurkuku a kashin ƙarshe, ina uwata. A nan na ga Ursa 'yar ƙauyen Hira'a ce, jikar Avatar Roku, wato wanda a zamaninsa shi kaɗai ke iya sarrafa wuta da ruwa da ƙasa da iska duka, tana da wanda take so Ikem aka raba su aka kai ta fada saboda jinin da ke jikinta. Ita ta haɗa gubar da ta kashe Azulon don a bar mata ɗanta da rai, ta nemi tafiya da yaran Ozai ya hana. Kuma kafin ta je ɗakin Zuko sai da ta shiga na Azula ta sumbace ta tana barci. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Amma littafin bai wanke ta ba, ƙara min wani ciwon ma ya yi. Ta je wajen wata ruhi da ake kira Uwar Fuskoki aka canza mata fuska, kuma ta yarda a shafe mata tunanin rayuwarta ta fada har da 'ya'yanta, ta zama Noriko ta auri Ikem ta haifi wata 'yar, Kiyi, tana zaune lafiya yayin da Ozai yake ƙona fuskar ɗanta Zuko. Mama ma ta yi wani auren a wani gari ta haifi huɗu. Wata biyu ban rubuta ko layi ɗaya ba, ana ta tambayata a guruf ina cewa jariri ne ba lafiya.

A tsakanin nan na gwada rubuta gajere a kan Kya, uwar Katara da Sokka, yara biyu 'yan Ƙabilar Ruwa a katun ɗin, wadda ta yi wa Yon Rha, kwamandan sojojin Ƙasar Wuta da suka kai musu hari, ƙarya ta ce ita ce mai sarrafa ruwan da suke nema don ta kare 'yarta, aka kashe ta. A zama ɗaya na gama shi kowa ya yi kuka ya yaba, ni kuma na san bai ci min komai ba, uwar da ta mutu saboda ke ba ta da wuyar so. Abu ɗaya da ya taɓa ni a ciki shi ne maganar Sokka a kashin The Runaway cewa in ya so tuno fuskar uwarsu ta Katara yake gani, don ni na goyi ƙanina da aka dawo da shi, ina shekara takwas zanin yana zamewa ina gyarawa.

Da ƙaramar sallah na shirya na je garin su Mama da yaran. Mu kun san yadda abin yake, ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta faɗa, ke ce kawai ko 'yar nan, hira mai tsawo ba ta taɓa haɗa mu ba. Kwana biyu ina juya maganar, a na uku da yamma tana zaune a tsakar gida tana gyaran zogale na zauna na sa hannu muna yi tare, ban kalle ta ba na ce Mama ranar da kika tafi me ya sa ba ki tashe ni ba. Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, can ta ce da kin buɗe ido kin kalle ni ai ba zan iya fita ba, kuma fitar dole ce. Ta ci gaba da tsinke ganyenta, sai kuma ta ce ba ki tuna kitson da na yi miki a daren ba, ƙanana na yi miki sosai kina ta kuka da zafi, so nake ya kai miki wata guda don ban san wa zai taɓa kanki bayana ba.

Na tuna kitson. Wallahi na tuna shi sarai, har ƙuraje ya fito min a ƙeya, shekara ashirin da wani abu ina tuna zafinsa ina haɗa shi da cewa haushina take ji a daren.

Da na dawo gida na sake kallon kashi na kusa da ƙarshe na katun ɗin, wajen da Azula ta kori bayinta duka ranar da za a naɗa ta sarauta, ta tsaya gaban madubi ta kasa ɗaure gashinta ta sa almakashi ta datse shi, sai ga uwarta a madubin tana mata maganar kyan gashin nata tana ce mata tana sonta, ita kuma ta jefi madubin ya fashe. Sau nawa na kalli wajen nan ban taɓa lura da gashi aka shigo da maganar ba. Na goge cafta shidan nan na ramuwa duka, wasu a guruf suka ji haushi don sun fi son faɗan, na sake farowa daga daren tafiyar, Ursa zaune a bakin gado tana taje gashin Azula a hankali don kar ta farka. Ban sa ta zama mai gaskiya ba, maganar da ta yi a kan yarinyar na bar ta yadda take, mantuwar da ta zaɓa ma na bar ta, kuma ban sa Azula ta yafe ba don ban ga ta inda yarinyar da aka yi wa haka za ta yafe a cafta ɗaya ba. Abin da na daina shi ne sa wa ɗayarsu dogon jawabi a baki, duk inda na ji ina so in yi bayani sai in nemi abin da hannunta yake yi a lokacin in rubuta shi.

Wani abin kuma da ban shirya masa ba, ina cikin taifin ɗin maganar Ursa a kan Azula na ji ta a bakina. 'Yata tana da kafiya da tsiwa, ƙaninta kuma sanyi gare shi kowa na son ɗaukarsa, kuma sau nawa na ce ni ban san me ke damun yarinyar nan ba tana tsaye tana ji. Ban ce na gyaru gaba ɗaya ba amma wannan kalmar dai na cire ta, kuma ko asibiti zan fita da asuba sai na tashe ta na ce mata na tafi zan dawo, ko za ta yi rigima.

Wata takwas labarin ya ɗauke ni, cafta goma sha ɗaya. Matar nan mai saƙon murya da ta karanta na ƙarshe ba ta ce komai a kansa ba, hoton yaranta uku kawai ta turo min. Na tura wa ƙanwata da muke uwa ɗaya, ashe ta zauna ta karanta wa Mama shi da daddare kashi kashi, ta ce Mama ba ta tanka ba har aka gama, ba ta san katun ba ba ta san wace ce Azula ba, sai da aka kai ƙarshe ta ce a tambayi 'yar nan, ita yarinyar ta warke daga baya? Na ce a gaya mata ban kai wajen ba tukuna, ina kan rubutawa.