Hanyar Sakkwato da Degel, da karatun da ya tsaya a zaure

Mai niyyar Sakkwato daga Zariya a wannan zamani sammako yake yi. Direbobi ba sa son la'asar ta same su tsakanin Funtuwa da Gusau, shi ya sa ana sallame sallar asuba ake fara lodi. Na samu kujerar tsakiya a wata Sharon da ta ga jiya ta ga yau, jakata a kan cinya, gwiwoyina sun tokare kujerar gaba.

Ni ba malami ba ne. Yadi nake sayarwa. Amma kamar yawancin waɗanda suka tashi a birnin Zazzau, na zauna gaban malamin zaure, na sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, na kuma yi nisa a Risala. Labarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa tun a firamare muka haddace shi: an haife shi a Maratta a 1754, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817. Wuraren ne ban taɓa takawa ba, kullum ina cewa sai kasuwa ta lafa, ita kuwa kasuwa ba ta san wannan magana ba.

Ko Giwa ba mu kai ba gardama ta kaure. Wani matashi mai ɗangalallen wando ya ji dattijon da ke gefensa ya ce Hubbare za shi, inda kabarin Shehu yake, sai ya ce a dai yi hattara da kaburbura, Shehu ai bidi'a ya zo kashewa. Dattijo ya gyara zaman carbinsa ya ce, "Yaro, Shehun da kake faɗa Baƙadire ne, yana da wuridi." Kowannensu gaskiya ya faɗa, abin da ya hana gardamar mutuwa ke nan. Sai da muka wuce 'Yankara muka doshi Tsafe sannan motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo. Gonaki a gefen titi, wasu an nome, wasu ciyawa ta cinye su don masu su sun gudu. Na saci kallon mutanen biyu, na ga dattijo yana jan carbi, matashi yana lissafi da gaɓoɓin yatsu, leɓɓansu duka suna motsi. Ba wanda ya sake buɗe baki sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana.

A Gusau wasu suka sauka, aka zuba sababbi. Cikinsu akwai wata tsohuwa 'yar firit mai baƙin mayafi, da ƙullin gero wanda ta ƙi yarda a sa mata a but, da wata yarinya mai goyo. Bayana suka zauna. Ba su san juna ba, amma kafin Bunguɗu tsohuwar ta karɓi jaririn, hira ta yi nisa har ta kai ga jego. Yarinyar ta ce ita dai sai da ta yi arba'in ta koma salla, kamar yadda kowa yake yi a garinsu. Na lumshe ido kamar mai barci, don magana ce ta mata.

"Ɗiyata, wa yac ce miki sai arba'in?" in ji tsohuwar, murya ƙasa ƙasa. "In jini ya ɗauke, ko ranar da kinka haihu ta, wanka za ki yi ki tada salla. In bai ɗauke ba, iyakatai kwana sittin. Arba'in ta wankan jego ta, ba ta salla ba." Daga nan ta shiga taya ta lissafin kwanakin da za ta rama, da yadda za ta rarraba su don kada su yi mata nauyi, ba faɗa, ba kunyatarwa.

Wannan hukunci na san shi. Yana cikin Ahalari kusan kalma da kalma, har ina iya tuna muryar malaminmu yana fassara shi, mu samari muna sunkuyar da kai. Abin da ban taɓa gani ba shi ne lokacin da hukuncin ya isa wurin wadda aka rubuta shi dominta.

A Talatar Mafara aka tsaya sallar azahar. Na same ta gindin wata bishiyar dogonyaro tana dama fura a ƙaramar kwarya, na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, sannu da hanya. A ina kika yi karatu?"

Ta yi dariya. "Karatu, ɗana? Ni waƙoƙi kakata tak koya min. 'Yar taru ta. Da ƙahwa suka zuwa Sakkwato bayan jaji."

'Yan taru tsari ne da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa bayan rasuwar yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. Matan aure na ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zo karatu ba, saboda haka sai ta zaɓi dattijuwa mai hankali a kowane gari, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa. Jaji ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata su tako har wurin Asma'u, su haddace waƙoƙin da ta tsara kan tauhidi da tsarki da salla da tarihin Annabi, su koma su shiga gida gida suna koyarwa. Su ne kuma masu wankan gawar mata, masu jinyar marasa lafiya, masu sharar masallaci. Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta rasu a 1864, ga shi fiye da shekara 150 bayan nan karatunta ya shigo motar haya a Gusau da ƙullin gero.

Inna ta ce a ƙauyensu har yanzu ita ake kira idan mace ta rasu, kuma duk amaryar da za a kai ɗaki sai ta zaunar da ita ta ji yadda take wanka da alwala. Sai ta ce, "Kai hwa, Malam?" Na lissafa mata littattafan da na sauke.

"Madalla," ta ce. "Ashe mutanen gidanka sun huta."

Na ce Allah ya sa. Direba ya yi hon, muka koma mota. Tureta, Dange, har muka shiga Sakkwato, ban sake jin hirar kowa ba.

Zafin Sakkwato ba sai na ba da labarinsa ba. Washegari da safe na nufi Hubbare, cikin tsohon gari, ba nisa da Masallacin Shehu. Nan ne gidansa tun da ya taso daga Sifawa a 1815, nan kuma aka binne shi, daga baya aka binne iyalansa da sarakunan Musulmi da dama. A ƙofa aka cire takalma. Mabarata a jere, masu ziyara daga nesa, wasu da jin Hausarsu ka san daga Nijar suke. Na yi sallama ga Shehu da waɗanda ke kwance tare da shi, na roƙa musu rahama, na tsaya ɗan lokaci wajen kabarin Nana Asma'u. Can na hango Inna ta kwance ƙullin geronta tana miƙa wa wasu tsofaffin mata da ke zaune a inuwa. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Zan faɗi gaskiya, ban ji wani abu ya tsarga mini a Hubbare irin yadda wasu ke ba da labari ba. Wuri ne mai natsuwa, na yi addu'a, na fito. Abin da ya kama ni a waje yake, wurin wani mai shimfiɗa littattafai a bakin masallaci, inda na sayi Nurul Albab na Shehu. Ɗan ƙaramin littafi ne, a zama ɗaya na karance shi a masauki. A ciki Shehu ya yi kaca-kaca da malaman ƙasar Hausa na zamaninsa waɗanda suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su san hukuncin alwala da salla da azumi ba, alhali su malaman safe da yamma suna zaune cikin ɗalibai. Ya ce koyar da iyali wajibi ne a kansu, kuma wannan zaman da suke yi da ɗalibai bayan sun yi watsi da na gida neman suna ne da riya. Da malamai yake, amma ban ga ƙofar da ɗan kasuwa mai Risala zai bi ya fice daga maganar ba. Rumbu cike da hatsi, tukunyar gidan kuwa ba ta hau murhu ba.

Degel tana arewa da Sakkwato, cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa. Mai masaukina ya ce mu tafi da hantsi mu dawo kafin la'asar, haka kuwa aka yi. Muka bi ta Kware, muka saki babban titin Illela, muka shiga yashi. Wanda ya zo neman gini zai koma da takaici. Ƙauye ne, da awaki da yara da iska mai ƙura, da kabarin mahaifin Shehu, Malam Muhammadu Fodiyo. Amma a nan mutumin ya yi yawancin shekarunsa na karantarwa, tun da ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajen 1774, har zuwa hijira. Shekara talatin ke nan ba tuta ba sarauta. Mu a makaranta yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808 aka fi nanata mana, waɗannan shekaru talatin kuwa layi biyu ake ba su.

Wani dattijo da ya zagaya da mu ya tuna mana labarin Magami. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a filin idin babbar salla, ya raba musu kyauta, ya ware wa Shehu zinariya mithƙali 500. Shehu ya ce shi da jama'arsa ba su da bukatar dukiyar sarki, abu biyar yake nema a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Na sha jin labarin, amma jin sa a tsaye cikin yashin Degel daban ne, don kana ganin irin wurin da mutumin zai koma ya kwana bayan ya mayar da zinariyar. Ana ma cewa igiya yake tufkawa ya ci daga guminsa.

Wanda ya fi zauna mini shi ne abin da Bello ya rubuta a Infaƙul Maisur. Ya ce idan mahaifinsa zai fito wurin jama'a, yakan ɗan dakata kafin ya isa, ya faɗi wasu kalmomi, sannan ya ƙarasa. Da ya tambaye shi, sai ya ce niyyarsa yake sabuntawa, yana yi wa Allah alkawarin ikhlasi a abin da ya fito dominsa, yana kuma roƙon a fahimtar da mutane abin da zai faɗa. Mutumin da garuruwa ke tasowa don su saurare shi, bai amince wa zuciyarsa ba ko a 'yan takun da ke tsakanin ƙofar gida da majalisi. Ƙanin Shehu, Abdullahi, ma haka. A 1807, ana tsakiyar yaƙi, ya ga mutanensu sun fara karkata ga ganima da mulki da dawakai, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsiri, sannan ya koma. Wasu na kallon tafiyar a matsayin fushi. Ni ina ganin mutum ne da ya kasa zama a inda bakinsa ke faɗin abu ɗaya, idonsa na ganin wani.

A nan nake ganin gardamar cikin motarmu ta kauce hanya. Ko ka shiga Hubbare ko ka tsaya a waje, mutanen da ke kwance a ciki da wani ma'auni suka auna kansu, wato ko abin da suka sani ya sauka a hannunsu da cikin gidajensu. Mu yanzu sanin ya yi yawa. Wayata cike take da karatuttukan malamai, kowace Juma'a ina tura wa mutane hadisi a WhatsApp kafin in karya kumallo. Inna ba ta da ko ɗaya cikin wannan, abin da ta sani ba shi da yawa, amma duk yana bakin aiki.

Dawowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe mana kusa da Maru, da direba da ya canja ta cikin sauri irin wanda ban taɓa gani ba, yana yi yana waigen daji.

A daren da babu karatun zaure na sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, na ɗauko tsohon Ahalarina wanda bangonsa ya rabu. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, daga farko za mu fara. 'Yan matan suna ta ƙunshe dariya. Ashe sun san abubuwa da yawa daga Islamiyya, wasu wuraren ma sun fi ni sabon tuni. Tambayoyinsu ne ba irin na zaure ba. A zaure ba wanda ya taɓa tambaya yadda mai goyo za ta yi da zanen da yaro ke ɓatawa sau da yawa a yini, ko lalle da man kitso suna hana ruwan alwala isa. Wasu na amsa, wasu na rubuta a bayan takardar rasit na kai wa malaminmu. Ya karanta, ya yi murmushi, ya ce duk ranar Asabar in riƙa zuwa da tambayoyin kafin ɗalibai su taru.

Matar maƙwabcina ta aiko a tambaya ko za ta iya shigowa, mijinta ya yarda. Yanzu muna babin taimama.