Ruwa a Kan Ɗan Ƙanwata

Watansa huɗu a duniya kansa ya fara girma fiye da ƙima, maɗiga ta kumbura, ƙwayar ido tana kallon ƙasa. Gwaggo ta ce iska ce, a nemo mai magani. Da ƙyar na shawo kan mutanen gida muka tafi asibiti.

Likita ya ce ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa ya rasa mafita. Ko dai a sa siririyar roba daga kai, ta bi ƙarƙashin fata zuwa ciki, ko a shiga da 'yar kyamara a huda wa ruwan hanya, a ƙona ɓangaren da ke samar da shi. Ashe a Mbale ta Uganda Dokta Benjamin Warf ya inganta hanya ta biyun, don robar kan toshe, mutumin ƙauye kuwa ina zai samo likitan ƙwaƙwalwa da tsakar dare? Binciken 2017 a kan jarirai 100 a can ya nuna bayan shekara guda basirar yaran da aka sa wa roba da ta waɗanda aka huda wa hanya ba ta bambanta sosai ba.

Namu dai roba aka sa masa. Jiya ya zauna ba tallafi, Gwaggo har da guɗa.