Rajistar Aikin Bonneville: Daga Karanta Lambar Inji Zuwa Tashin Farko

'Yan'uwa masu koyon gyaran tsofaffin babura, ga inda aka kwana a kan Triumph Bonneville T120 ƙirar 1968 da ke kan tebur. Kafin a kwance ko noti ɗaya, makon farko gaba ɗaya ya tafi ne wajen tantance wane babur ne a gabanmu, domin sunan Bonneville rumfa ce da ta rufe babura iri-iri, kuma kayan wannan ba ya shiga wancan.

Asalin injin na Edward Turner ne, mai zana injinan kamfanin Triumph. A 1937 ya fito da Speed Twin mai silinda biyu a jere, 498cc, fistin biyu suna hawa suna sauka tare. A 1949 aka faɗaɗa shi zuwa 649cc a Thunderbird, faɗin silinda milimita 71, tafiyar fistin milimita 82. Tiger 110 ya biyo baya da ƙarin ƙarfi, sannan a 1959 aka ɗora wa injin kafireto biyu na kamfanin Amal aka kira shi Bonneville, sunan filin gishirin nan na jihar Utah a Amurka inda Johnny Allen ya yi gudun mil 214 a awa a 1956 da injin Triumph. Speed Twin na farko a birnin Coventry na Ingila aka ƙera shi, sauran kuwa a masana'antar Meriden, kusa da Coventry.

Yanzu ga inda mai koyo yake asarar kuɗi. Daga 1959 zuwa 1962 inji daban yake, akwatin giya daban, wuta kuma daga magneto na kamfanin Lucas take zuwa, wato na'urar da ke ba fulogi wuta ba tare da batir ba. Na 1959 bututu ɗaya ne a gaban firam, na 1960 zuwa 1962 bututu biyu. A 1963 aka haɗe inji da giya a gida ɗaya, aka koma bututu ɗaya, aka bar magneto aka kama kwayil da kwantak. Kan injin ma ya canja: na da kusoshi takwas ke riƙe shi, kuma yana yawan tsagewa tsakanin mazaunin bawul da ramin kusa, shi ya sa aka ƙara ta tara a tsakiya. A 1966 wuta ta koma volt 12. A 1971 aka zuba baƙin mai a cikin babban bututun firam, kujera ta yi tsawo har mahaya suka yi ta ƙorafi. A 1973 sabon Bonneville mai suna T140 ya zo da 750cc, kusoshin kai goma, giya biyar da birkin faifai a gaba. A ganinmu na 1968 zuwa 1970 su ne ƙololuwa, domin a nan ne firam, birki da inji suka dace da juna.

Lambar inji tana gefen hagu na gidan inji, ƙasan silinda. Idan ta fara da DU, tsakanin 1963 da 1968 ne. Daga 1969 aka koma haruffa biyu, na farko wata, na biyu shekara: C 1969, D 1970, E 1971. Harafin da ke bayan T120 ma yana magana: R na titi ne na kasuwar Amurka, C na tsere a ƙasa, TT kuwa ba shi da fitila kuma matsin injinsa ya fi na saura. TR6 Trophy inji ɗaya ne da wannan, sai dai kafiretonsa ɗaya. Lambar firam da ta inji su zo daidai; in sun saɓa, an taɓa yi wa babur ɗin dashe, sai a sayi kayan kowane ɓangare bisa shekararsa.

Mako na biyu, kwancewa. Sifana ta milimita ba ta da aiki a nan. Tsofaffin notin na awon Ingila ne, Whitworth da BSF da zaren Cycle mai tsaga 26 a inci, kuma a daidai 1968 zuwa 1969 kamfanin ke sauyawa zuwa zaren UNF na Amurka, don haka babur ɗaya yana ɗauke da iri biyu. Noti da ya shiga zagaye biyu ya cije, a tsaya, ba nasa ba ne. In aka tilasta shi a cikin alminiyam, zaren ya tafi. Kowace kusa a saka ta a leda a rubuta inda ta fito.

Mako na uku ne ya fi kowane muhimmanci. Wannan injin ba shi da matatar mai irin ta zamani. A cikin kiranshaf akwai wani bututu da ke tara dattin mai ta hanyar juyawa, kuma bayan shekaru yana cika da laka mai tauri kamar busasshen taɓo. Idan ya toshe, mai ba ya kai wa metal na sandunan fistin, kuma yawanci na hagu ne ke fara ƙonewa saboda shi ya fi nisa da famfon mai, wanda ke gefen dama. Ba wani ruwan wanki da ake zubawa ta sama da zai fitar da shi. Dole a raba gidan inji, a cire murfin da ke gefen kiranshaf, a kwance kusar da ta riƙe bututun, a zaro shi, a kankare, a wanke da kananzir, a busa iska ta kowane rami har ta fito ta ɗaya gefen. A saka sabon murfi. Duk wanda ya sayi tsohon Triumph da bai san tarihinsa ba ya tsallake wannan aikin, injinsa yake caca da shi.

Wajen mayar da kan inji, inda mai ya fi yoyo shi ne robobin bututun sandunan bawul. A ɗora kai da gaskit ba tare da an ɗaure ba a auna ratar da ta rage. Kimanin inci 0.030 ake so. In ta yi yawa, kai zai lanƙwashe ko roba ta fashe. In ta yi kaɗan, mai zai bi. Ratar bawul, inji na sanyi: na shigar mai inci 0.002, na hayaƙi 0.004. Kada a ari awon T140, shi 0.008 da 0.006 ne.

Sai wuta. Hannun da ya saba da babur ɗin Japan ko Indiya ya yi hattara, domin a nan kan batir mai alamar + ne ke zuwa jikin firam. In aka juya shi, diyod ɗin Zener mai daidaita wutar caji da na'urar cajin sun ƙone nan take. Ratar kwantak inci 0.015, fulogi Champion N3 da rata 0.025, taimin digiri 38 kafin fistin ya kai ƙololuwa, a lokacin da na'urar gaggauta wuta ta buɗe gaba ɗaya. Kowace silinda da nata kwantak, a saita su ɗaya bayan ɗaya. Wuta da ta yi gaba da yawa tana huda kan fistin.

Kafireton 1968 Amal Concentric 930 ne. Cutarsa ƙaramin jet na sulo, wanda a yawancinsu aka danna shi a cikin jiki ba ya kwantuwa. Ya toshe, babur ba zai tsaya a sulo ba sai an riƙe totur. A cire sukurun iska, a zura siririyar waya mai kaurin inci 0.016, a fesa mai wanki, a mayar da sukurun zagaye ɗaya da rabi daga rufe. Notin da ke riƙe kafireto kada a matse su da ƙarfi, jikin yana da laushi, yana lanƙwasa sai silaid ya maƙale a buɗe.

A tashin farko, ido na kan tankin baƙin mai. An buɗe murfi, an buga kik, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya mai ya fara tsartuwa daga bututun dawowa, da farko a jere, daga baya da kumfa a yanke-yanke, wanda shi ne daidai. Da bai fito ba, kashewa za a yi nan take a koma kan famfo.

Abin da ya rage: saita birkin gaba mai inci 8 yadda takalmansa biyu za su kama a tare, sake ɗaure kan inji bayan ya yi zafi ya huce a kuma sake auna bawul, sannan gwaji a hankali a fili, ana tuna cewa giya a ƙafar dama take, birkin baya a ta hagu.