Sayen kayan lambu marasa feshi daga hannun manomi

Idan ina son kayan miya da ba a yi wa feshi ba, ba na zuwa kasuwar Yankaba ta Kano, domin kayan can sun ratsa hannu uku ko huɗu kuma mai tebur bai san gonar da suka fito ba. Nakan fita bayan sallar asuba zuwa ƙauyukan Kura da Garun Malam, inda masu ƙananan lambuna ke kasa abin da suka cire da hannunsu. Nan ba hatimi, ba takardar shaida, tambaya ce kaɗai makamin mai saye.

Kada ka ce, "Baba, kana feshi?" Zai ce a'a. Ni cewa nake yi, "Baba, me ka yi wa sharon bana?" Tun 2016 da wannan tsutsar da ake kira sharon ta cinye tumatir a Kano, da wuya ka samu mai babbar gona da ba ya feshi. Wanda bai yi ba zai ba ka labari dalla-dalla: ya daka 'ya'yan dalbejiya, ya jiƙa su kwana, ya tace ya yayyafa, ya barbaɗa toka, ya tsince ganyen da ya kamu. Wanda ya tsaya kame-kame, sai in tambaye shi kwana nawa da feshin ƙarshe.

Ganye mai huda-huda ba hujja ba ce. Na sha ganin kabejin da tsutsa ta ci, sai da ta ci aka dirka masa magani. Nakan buɗe ganyen ciki in duba ko akwai farin tabo kamar busasshen alli, in kuma sunsuna.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne taki da ruwa. Takin gargajiya ma yana da nasa haɗari: ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, kuma latas, karas da kabeji ɗanye muke cin su. A Amurka dokar noman "organic", wato noman da ba a sa takin zamani da maganin feshi na sinadari, ta sa a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Shi ya sa nake tambaya ko takin ya ruɓe. Ruɓaɓɓe baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari. Ruwa kuwa, wanda ya zo ta magudanan dam ɗin Tiga daban yake da na kogin Jakara, mai ɗauke da dattin birni. Latas ɗin ruwan kwata ba na saye, ko da bai taɓa ganin feshi ba.

Wake sai na damƙa na kai hanci. Warin magani irin na Sniper ba ya ɓoyuwa, kuma sinadarinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015. Na fi son na buhun PICS mai ruɓi uku ko na jarka a toshe, inda rashin iska ke kashe ƙwaro.

Da farko yawa nake kwasowa saboda araha, rabi ya lalace. Yanzu alayyahu ɗauri biyu, don ba ya wuce kwana biyu. Tumatir kashi ɗaya ja, kashi biyu masu ɗan kore su nuna a gida, kuma nakan sa a juye kwandon, domin na ƙasa ne ke fashewa. Ba na zuba ganye a leda, zufa yake yi ya dafe kafin in iso gari. Tsumma mai laima nake naɗe shi da shi. Albasa da karas a ƙasan jaka, tumatir a sama.

A gida ina ɗauraye ganye sau uku da ruwa mai tsabta, ina ware shi ɗaya-ɗaya, amma sai lokacin girki, don wanda aka wanke aka ajiye ya fi saurin ruɓewa.