Horar da Manajoji a Bakin Aikinsu: Abin da Na Gani a Masana'anta da Ma'aikata

Na daɗe ina horar da manajoji da shugabannin sassa, da farko a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa a Kano, daga baya kuma a wata ma'aikatar gwamnatin jiha. Tsarin da na tarar a wuraren biyu ɗaya ne: a kwashi ma'aikata zuwa otal a Kaduna ko Abuja, a yi musu bita, a raba takardar shaida da alawus, su dawo su ci gaba da abin da suka saba. Ba rashin cibiyoyi ne ya jawo haka ba, domin tun 1971 aka kafa hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wadda kamfanoni ke biyan ta kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu, kuma kwalejin ASCON ta Badagry tana horar da jami'an gwamnati tun 1973.

Hanyar da muka bi ita ce wadda wani masani ɗan Birtaniya, Reg Revans, ya fara da manajojin mahaƙan kwal a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ana haɗa mutane kaɗan, kowa ya zo da matsalar da ke damun sashensa, abokan aikinsa su yi masa tambayoyi, ya je ya gwada mafita, sannan ya dawo ya faɗi abin da ya faru.

A masana'antar, kowa yana ɗora laifin tsayawar injina a kan ɗaukewar wuta. Sai muka sa masu kula da injin su riƙa rubuta lokacin da ya tsaya, da dalili, da lokacin da ya tashi. Da aka tara bayanan, sai ga shi wuta tana da nata laifin, amma lokaci mai yawa yana tafiya ne wajen jiran sa hannun maigida kafin a sayo ƙaramin kayan gyara, ko jiran mai riƙe da makullin sito. Wannan ne babban abin da na koya: manajojinmu sun san aikinsu fiye da yadda ake zato, ikon yanke shawara ne ba a sakar musu ba. Ban zargi maigidan ba, domin wanda ba ya ganin lissafin yau da kullum ba zai saki kuɗinsa ba. Rubutun da aka fara ne ya ba shi natsuwar ƙayyade wani adadi da manaja zai kashe ba tare da ya jira shi ba. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan masaƙu a kusa da Mumbai ya gano cewa irin waɗannan gyare-gyare sun ƙara amfanin da ake samu daga ma'aikata da injina da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko.

A gwamnati aikin ya fi wuya. Mun sa a riƙa rubuta ranar da fayil ya shiga kowane ofishi da ranar da ya fita, kuma jinkirin ya ragu, amma canjin wurin aiki ya tarwatsa rukunin kafin al'adar ta zauna. Ga shi kuma wajen ƙarin girma takardar shaida ake dubawa, ba matsalar da jami'i ya warware ba, abin da ke sanyaya gwiwar masu ƙoƙari.

Saboda haka, yanzu ba na karɓar irin wannan aiki sai babban sakatare ko mai kamfani ya amince zai zauna da kansa ya saurari rahoton kowane rukuni, kuma a bar mahalarta a kujerunsu har a kammala shirin.